Gandu Da Gwamnati: Wa Ke Magana Da Yawun Manomin Mawashi?

A Hausar hukuma ta yau, wato wadda muke ji a labarun rediyo da sanarwar ma'aikatu, da wuya ka ji an ambaci kalmar gandu ba tare da an liƙa mata daji ba: gandun dajin Rugu, gandun dajin Falgore, gandun dajin Yankari. Yaron da ya tashi a rukunin gidajen ma'aikata na Katsina ko Kaduna zai iya rantsuwa cewa iyakar ma'anar kalmar ke nan, wato fili mai itatuwa da gwamnati ta keɓe ta hana a taɓa. Alhali kuwa a bakin mutanen Mawashi da sauran garuruwan Kusada da Kankiya, gandu shi ne gonar gida, wadda maigida yake nomawa tare da 'ya'yansa ko ƙannensa, a zuba amfanin a rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya. Wannan gandun shi ke ciyar da Jihar Katsina, kuma shi ne ba shi da suna a takardun da ake tsara makomar noma a cikinsu.

Sana'ata nazarin harshe ce, don haka mai karatu zai yi mini uzuri idan na shigo wa zancen ta ƙofar kalmomi. Na daɗe ina bibiyar jawaban kasafin kuɗi da takardun manufofin noma, na tarayya da na jiha, da yadda ake mayar da su Hausa. Sunayen da ake kiran mutumin Mawashi da su ba su wuce uku ba: ko "ƙaramin manomi", ko "mai noman gargajiya", ko kuma "mai cin gajiyar shiri". Na farko yana auna shi da abin da ya rasa, wato faɗin ƙasa. Na biyu yana nuna cewa abin da yake yi tsohon yayi ne da ake jiran ya wuce. Na ukun kuwa ya mayar da shi mai miƙa hannu, wanda aikinsa ya bi layi ya karɓa ya yi godiya. Babu ko ɗaya da ya ɗauke shi a matsayin shugaban wata 'yar masana'anta mai ma'aikata da jari da dabbobi da ilimin da aka tara kaka da kakanni. Abin da ba a ambata a takarda ba kuwa, akanta ba zai fitar masa da ko sisi ba.

Bari mu tuna wa juna yadda gandu yake, domin da yawa daga cikinmu da muka yi boko mun baro shi tun muna firamare. Baturiyar nan masaniyar tattalin arzikin karkara, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina a wajajen 1967, ta kuma wallafa bincikenta a 1972, ta bayyana gandu a matsayin yarjejeniya ta son rai tsakanin uba da 'ya'yansa magidanta. Su suna ba da ƙarfinsu a gonar gida, shi kuma yana ɗauke da ciyarwa da haraji da ɗawainiyar aure, sannan ya yanka wa kowannensu gayauna, wato 'yar gonar da zai noma wa kansa da yamma ko ranar da ba a fita gandu, abin da ya samu nasa ne halak malak. Idan aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya. Idan ɗa ya ga zaman bai karɓe shi ba, yana iya ware nasa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda komai na gidan yake ɗaure da ɗan'uwansa. Ƙasar wannan yanki mafi yawanta jigawa ce mai yashi, damina kuma wata huɗu ce in an yi sa'a. Manomi zai shuka gero da ruwan farko, wani lokaci ma ya yi binne tun ruwan bai sauka ba. Zai gitta dawa a tsakani, abin da ake kira gicci, bayan noman firi ko maimai kuma ya tsarma wake. Gero ya nuna da wuri ya tare yunwar da ke zuwa lokacin da rumbu ya yi ƙasa, dawa ta biyo baya. Wake da gyaɗa suna da wasu ƙananan ƙulalai a saiwarsu, inda ake jawo sinadarin naitirojin daga iska a ajiye a ƙasa, wato sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Harawa ta hau rufin ɗaki ko reshen itace ta jira rani, ta ciyar da awaki da tumaki da shanun huɗa. Kashin dabbobin da tokar murhu da sharar tsakar gida su taru a juji, da bazara a kwashe a mangala ko amalanke a kai gona a zuba tsibi-tsibi. Awakin nan kuwa galibi na matan gida ne. Ke nan matar da ba ta taɓa riƙe fartanya ba tana da hannu a kowane damin da aka ɗaure, ko da yake ban taɓa ganin fom ɗin tallafin noma da ya tambayi yawan awakinta ba.

Sannan ga itatuwan gona: ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya, uwa uba gawo, wanda Allah Ya yi masa ɗabi'a saɓanin ta sauran itatuwa. Da damina yake kakkaɓe ganyensa, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su taru a ƙarƙashinsa su ci 'ya'yansa su bar kashinsu a wurin. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo daban yake.

Wannan ba zancen kewar ƙauye ba ne irin namu na 'yan birni. Masana sun auna shi. David Norman, wanda ya yi aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru daga tsakiyar shekarun 1960, ya bi manoman ƙauyukan Zariya gona-gona ya nuna cewa haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya ya fi noman abu guda kawo riba a kowace eka, ya kuma fi kare mai shi ranar da damina ta yi gardama. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, amma ƙasar ba ta mutu ba, saboda takin gida da dabbobi da itatuwa. Kusada tana iyaka da Jihar Kano, kuma tsarin nomanta ɗan'uwan wancan ne. Abin da ake taruwa a manyan otal-otal yau ana kira "noma mai ɗorewa", an daɗe ana yin sa a nan ba tare da an raɗa masa suna ba.

Sai dai gandun yana cikin matsi, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Kusada mutane kusan dubu 100 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 390, wato sama da mutum 250 a kowace murabba'in kilomita, kuma tun daga lokacin haihuwa ba ta tsaya ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sha ne suka yanka ta gado. Saurayin da ya ga gayaunarsa ba za ta yi masa lefe ba, ya tafi Kano ko Abuja ko Legas ci-rani, wani ya dawo da ruwan farko, wani shiru. Wanda rashin lafiya ko biki ya kama, ya ba da gonarsa jingina, daga jingina sai sayarwa. Su wa ke saye? Mu ne: daraktoci da lakcarori da 'yan kwangila, masu zuwa ran Asabar da mota mu duba 'yan ƙwadago. Ga kuma matsalar 'yan bindiga, wadda ta fi addabar yammacin jihar, irin su Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara, amma tsoronta da sace-sacen shanunta ba su tsaya a can ba. Gidan da aka kore wa shanun huɗa an karya masa ƙafa biyu ne lokaci guda, ƙarfin aiki da taki.

To, me gwamnatoci suka yi? Ba za a ce ba su yi komai ba. A gaskiya ma shirye-shiryen sun yi yawa. Aikin raya noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, juyin noma na Shagari a 1980, hukumar DFRRI ta Babangida a 1986, shirye-shiryen Fadama kashi-kashi, rabon taki ta wayar salula da Akinwumi Adesina ya kawo a 2012, sai shirin bashi na Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kabi a watan Nuwamban 2015, wanda Babban Banki ya zuba wa sama da naira tiriliyan 1 kafin a shiga jayayya a kan nawa aka biya nawa ya salwanta. Wasu sun bar alheri. Masarar da ta cika kudancin Katsina tana da nasaba da aikin Funtuwa, noman rani kuma ya amfana da Fadama. Amma idan ka jera su za ka ga kusan duk manomi ɗaya suke zanawa a ransu: mutum guda, mai amfani iri guda, a gona mai iyaka huɗu, wanda za a miƙa wa iri da buhun taki da maganin feshi, ya biya da kaka. Irin wannan manomin da wuya ka same shi a Mawashi. Wanda yake can yana da gero da dawa da wake da gyaɗa a gonaki uku ko huɗu a warwatse, ɗaya ta gado, ɗaya ta aro, ɗaya ta jingina.

Ita kanta kalmar taki ta ishe mu misali. A da, idan Bahaushe ya ce taki, na juji yake nufi. Na buhu shi ne baƙo, shi ya sa ake ƙara masa "na zamani". Yau al'amarin ya juya. Idan kwamishina ya ce an sayo taki tirela kaza, kowa ya san buhu yake nufi, na asalin kuma shi ya koma neman ƙarin bayani, "takin gargajiya". Manufar noma kacokan ta tattara ta koma ranar ƙaddamar da sayar da taki, da wa ya samu buhu da wa aka raba wa a tiya. Ba ina ƙin takin zamani ba ne. Ƙasarmu tana da ƙarancin sinadarai, kuma juji kaɗai ba zai wadatar da gonakin yau ba. Amma jigawar da ba ta da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba ba ta iya riƙe abin da aka zuba mata. Ruwa ɗaya mai ƙarfi zai wanke yuriya ya yi ƙasa da ita inda saiwa ba ta kai ba, tamkar mai ɗiban ruwa a kwando. A irin wannan gajiyayyar ƙasa ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yake samun sarari ya tsotse dawa da gero tun suna ƙanana. Masu bincike na cibiyar ICRISAT a Nijar sun nuna cewa ɗan taki kaɗan, kamar cikin murfin kwalbar lemo, idan aka sa shi a ramin shuka, yana yin aikin da ya fi a watsa da yawa a sarari, musamman in ya tarar da takin gida. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a watan Yunin 2006 sun yi alƙawarin ɗaga amfani da takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, ba a kuma cim ma hakan ba. Da suka sake taruwa a Nairobi a watan Mayun 2024, sai suka ƙara "lafiyar ƙasa" a sunan taron. Shekara 18 aka ɗauka kafin kalmomi biyu su samu shiga.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna illar rashin murya ƙarara. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na ban-ruwa da na taki suka yi sama, duk da cewa matatar takin Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022 da ta Indorama a Jihar Ribas suna fitar da yuriya har ƙasashen waje. Hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, birane suka yi kuka, kuma kukan gaskiya ne. A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Zuwa kakar 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas a kasuwanni, daga Dawanau har Charanci, shi kuwa buhun taki bai sauko tare da shi ba. Mu masu albashi muka yi hamdala. Manomin da ya ci bashi ya sayi taki da tsada ya sayar da amfani da araha, shi ya biya kuɗin sauƙin da muka samu. Ba ina cewa a bar mutanen birni da yunwa ba. Tambayata ita ce, ranar da aka zauna yanke wannan shawara, wa ya zauna a kujerar mai gandu ya ce, to, idan farashi ya karye da kaka, ga abin da za a yi wa wanda ya riga ya shuka?

Domin kada a ce mafarki nake yi, mu leƙa maƙwabta. Ƙetaren Jibiya kaɗan, a ƙasar Maraɗi, Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ma ta fi tamu bushewa. Bayan farin shekarun 1970 da na farkon 1980 gonakinsu sun zama fako, iska tana binne shuka da yashi, ayyukan dashen itatuwa kuma suna ta mutuwa. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace bazara wajen sassabe, tohon kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa: sabara da kalgo da gawo da sauransu. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture a bar su, a datse sauran, a riƙa yi musu aski suna tashi. Manoman suna kiran abin "sassabin zamani", kuma ina ganin rabin nasarar tana cikin wannan suna, domin ya ɗora sabon abu a kan aikin da kowa ya riga ya sani. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Inda hukuma ta shigo shi ne abin lura. A da, dokar daji ta Nijar ta sa manomi yana kallon itacen gonarsa a matsayin kayan gwamnati, wanda malamin daji zai ci shi tara in ya taɓa. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Da aka sassauta wannan riƙon, aka zo da dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004, daga baya kuma a 2020 aka fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena, sai itatuwa suka tsaya. Mu a nan mun ga aikin dashen itatuwa na Katsina da Tarayyar Turai ta tallafa wa tun ƙarshen shekarun 1980, mun ga shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, ga kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma har yanzu ma'auninmu shi ne yawan dashen da aka raba ranar biki. Da za a mayar da ma'aunin ya koma yawan itatuwan da suka kai shekara uku a raye a gonar mutum, a kuma ba shi lada a kan haka, da an ga bambanci, musamman yanzu da tsadar gas da kananzir ta sa gawayi ya zama kasuwa.

Misali na biyu daga nesa yake, amma ya dace da zancen suna da na fara da shi. Ƙasar Burazil, wadda take da manyan gonakin da suka fi wasu ƙananan hukumominmu faɗi, ta yi doka a 2006 da ta fayyace mene ne gonar iyali: faɗinta bai wuce wani ƙayyadadden ma'auni ba, yawancin aikinta 'yan gida ne ke yi, kuma iyalin ne ke tafiyar da ita. Da sunan ya shiga doka, sai wata dokar ta 2009 ta wajabta cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da 'yan makaranta a sayi abinci da shi kai tsaye daga irin waɗannan gonaki. Ƙungiyoyin manoma ne suka yi shekaru suna matsa lamba kafin a kai nan. Jihar Katsina tana da makarantun kwana da asibitoci da ake dafa abinci kowace rana da kuɗin gwamnati. Me zai hana a ce wani kaso na gero da dawa da wake da man gyaɗar da ake ci a makarantun kwanan shiyyar Kankiya, daga ƙungiyoyin manoman shiyyar za a saye shi, da kaka, a farashin da aka sanar tun kafin shuka? Wannan ba ya buƙatar rancen Bankin Duniya. Yana buƙatar a ɓata wa wasu 'yan kwangila rai ne kawai.

Akwai kuma batun takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara, har zuwa hekta 500 don noma. Amma shaidar mai gandu har gobe ita ce maƙwabcin gona da mai unguwa da dagaci. Ranar da aka zo da taswira aka ce ana son wurin don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, ba ta ƙasar kanta ba. Waɗanda suka manyanta ba su manta da abin da ya faru da manoman Bakalori a watan Afrilun 1980 ba, lokacin da neman diyya ya ƙare da zubar da jini. Rajistar gonaki mai araha a sakatariyar ƙaramar hukuma, wadda za ta amince da gonar gado da 'yan'uwa suka mallaka tare, ta rubuta rabon mata da sunansu, ta kuma shata burtali da mashaya a taswira ɗaya, za ta kashe rigingimu da yawa tun ba su kai gaban alƙali ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara ba mu hujjar tambayar shugabanninsu abin da suke yi da sashen aikin gona.

Saura tambayar da ke kan wannan rubutu: wa zai faɗa? Ƙungiyoyin manoma muna da su. Akwai AFAN ta manoma baki ɗaya, akwai RIFAN ta masu shinkafa, akwai ta masu masara da ta masu auduga da ta masu alkama. Sai dai an yanka yawancinsu ne bisa amfanin gona ɗaya-ɗaya, daidai da yadda shirye-shiryen bashi suke so, shi kuwa mai gandu yana noma abu biyar, ba ya cikin ko ɗaya sosai. Ƙungiyar da na ga tana yin aikin da nake nufi ita ce ta ƙananan manoma mata, SWOFON, wadda takan bi kasafin kuɗi layi-layi tana tuna wa gwamnatoci alƙawarin Maputo na 2003, cewa za a ware wa noma kashi 10 cikin 100, alƙawarin da kasafin tarayya ya yi shekaru yana nesa da shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe 2019 zuwa 2028 a matsayin shekaru goma na noman iyali, ga shi wa'adin yana neman ƙarewa ba a ji ɗuriyarsa a karkararmu ba.

Tarihinmu kuwa ya nuna abin yana yiwuwa. Lokacin da Katsina take cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Alhaji Balarabe Musa ya hau mulki a watan Oktoban 1979 ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano, ya kuma kafa hukumar binciken filayen da aka ƙwace wa talakawa. Wannan bai faɗo daga sama ba. Tun kafuwar NEPU a 1950 ake maimaita buƙatar a kasuwa da dandali, cikin kalmomi biyu da kowace tsohuwa za ta iya faɗa. Buƙatun mai gandu na yau suna nan a rubuce, amma da Turanci, a rahotannin taron bita da ba ya karantawa. Sashe na 97 na tsarin mulkin 1999 ya yarda majalisar jiha ta gudanar da harkokinta da wani harshen da ake magana da shi a jihar baya ga Turanci, idan ta zartar da hakan. Ban ga dalilin da zai hana a buga kason noma na kasafin jiha da Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar fadar kowane dagaci ba, a kuma yi zaman jin ra'ayin jama'a a kansa a Kankiya ko Kusada maimakon ɗakin taro a Katsina.

Adalci ne in ambaci cewa gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa, wanda shi kansa karatunsa na digirin digirgir ya shafi noma da zamantakewar karkara, ta ɗauki malaman gona 722 a 2024, wato biyu ga kowace mazaɓa daga cikin 361, ta ba su babura. Mataki ne mai kyau, domin an daɗe ba a ga malamin gona a ƙauye ba. Abin da ya rage shi ne saƙon da suke ɗauke da shi, da kuma ko hanyar tasu ta zuwa ce kawai ko har da dawowa. Idan aikinsu rubuta sunayen masu karɓar taki ne, an ƙara yawan magatakarda ke nan. Idan kuwa za su koyar da sassabin zamani da sa taki a rami da ajiyar wake a buhu mai ruɓi uku ba tare da guba ba, su kuma kawo wa ma'aikatar abin da dattawan Mawashi suka ce game da irin geron da ya fi jure fari, to kuɗin babur ya halatta.

Mu da muke karanta wannan shafi, kusan kowannenmu yana cikin wata ƙungiyar ci gaban garinsu, mai yin taro kashegarin Sallah a tara kuɗin fentin makaranta ko gyaran maƙabarta. A cikinmu akwai lauyan da zai iya tsara ƙudurin doka mai shafi biyu da zai fayyace gonar iyali, akwai akantan da ya san inda ake ɓoye kuɗi a kasafi, akwai irina da zai iya mayar da shi Hausar da za a karanta a majalisar dagaci a gyara. Kusada tana da mazaɓu 10, kowace da kansilanta. Tana da ɗan majalisar jiha, Kankiya tana da nata, sannan su biyun da Ingawa suna da wakili ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Gwamna yakan kai kasafin shekara mai zuwa gaban majalisa a watannin ƙarshen shekara, daidai lokacin da ake ɗaure dami ana kai wa rumbu, manoma kuma suna gida ba su tafi ci-rani ba. Takardar da ake son ta yi tasiri a wannan kasafin, tilas ta isa hannun ɗan majalisa tun gero yana tsaye a gona.